Daga Homa Zuwa Nailan: Kayan Su da Muke Zubarwa

A garin Dowagiac na jihar Michigan a Amurka akwai gidan tarihi guda da aka keɓe wa kayan kamun kifi na kamfanin Heddon, wanda James Heddon ya kafa a 1902. Katako yake sassaƙawa, ya shafa masa fenti, ya rataya ƙugiyoyi, domin ya yaudari wani kifi mai cin 'yan'uwansa da suke kira bass, mai hali irin na giwan ruwa. A Finlan ma, a 1936, wani masunci talaka, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifin ƙarya ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara shi har yana rangaji kamar mai rauni. Yau masu tara kayan da suna zuba kuɗi su sayi irin waɗannan.

Mu kuwa namu a bola suke ƙarewa, alhali dabarar da ke cikinsu ba ta gaza ta Heddon ba. Mai sayen karfasa ko tarwaɗa a Paspanga, kusa da baraj ɗin Wagadugu, ba ya tambayar da me aka kamo ta. Ruwan Kompienga da na Bagre, inda ake kamo irin wannan kifi, tafkuna ne na zamani, na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, kuma baƙin masunta, Bozo daga Mali da Hausawa daga Nijar da Najeriya, sun zo musu da ilimin da suka gada a kogin Kwara. Dubi mamari kawai: doguwar igiya da ƙugiyoyi jere, babu abinci a baki, an saita ta daidai zurfin da kifi mara ɓawo yake bi da dare. Wanda bai san hanyar tarwaɗa ba, ko ya kwana yana ɗana ta a banza. Haka gora, wadda masuncin Argungu ke kifa ciki a kai ya yi iyo, ya kuma zuba abin da homarsa ta kama a ciki.

Abin da ya kashe wannan ilimi shi ne nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1935. Ragar rama ko auduga tana ruɓewa, sai an shanya an ɗinke, saboda haka mutum ba ya shimfiɗa fiye da abin da zai iya kulawa. Kallin nailan ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa, kuma in ya ɓace a ruwa ya ci gaba da kisa ba mai ɗiba.

Za a ce mai iyali ba zai koma wa rama don burge 'yan tarihi ba. Gaskiya ne, babu kuma mai neman haka daga gare shi. Amma masuncin Amurka ma da roba yake su yau, bai hana shi adana katakon kakansa ba. Kuma tsohon kaya shaida ne: faɗin idon raga na nuna girman kifin da ake kamawa a zamaninta, abin da hukumar da ke faɗa da raga mai ƙananan idanu take bukatar sani. Gidan tarihi na ƙasa a Wagadugu da na Kanta a Argungu su aika a tattaro homa, mamari da undurutu, a kuma ɗauki bayanin dattawan Sarkawa masunta tun suna da rai.