Gyaran Gida Kafin Saukar Hunturu

Hunturu iska ce busasshiya mai tasowa daga arewa maso gabas, tana ratsa Sahara ta sauko ƙasar Hausa daga wajajen ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Wannan ƙurar ce ke zama hazo a Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram. Da ita sanyin dare ke zuwa, laimar iska kuma ta yi ƙasa ƙwarai. Gidan da ba a gyara ba kafin lokacin yakan haɗa wa mutanensa matsaloli uku: ƙura, hayaƙi da gobara.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne tsakanin ɗaukewar ruwa da fara hazo, wato daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A wannan tsakanin rana na da ƙarfi, sama a washe take, ruwan wanki bai fara cizon hannu ba. Bargon da aka shanya a Oktoba zai bushe tas, wanda aka shanya a Janairu kuwa sai ya kwashi wata sabuwar ƙurar kafin a ɗauke shi daga igiya.

Daga abin da damina ta bari ake farawa. Katangar ƙasa da ta zaizaye tana buƙatar yaɓe, kwanon da iska ta ɗaga a sake buga masa ƙusa, a kuma duba inda gara ta shiga azara ko ƙyaure. Ɗakunan da suka sha laima sukan yi fumfuna a bayan kabad da ƙarƙashin ledar ɗaki, wuraren da tsintsiya ba ta kaiwa. Ana janye kaya daga jikin bango, a goge, a bar ƙofa da taga a buɗe har wurin ya bushe.

Sharar ɗaki daga sama ake somawa: silin da yanar da ta taru a kusurwa, fukafukan fanka, saman labule, sannan ƙasa. Shara a bushe tayar da ƙura kawai take yi, ƙurar ta yi yawo ta koma inda ta fito, shi ya sa tsohuwar al'adar yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida ta fi dacewa. A cikin ɗaki tsumma mai ɗan danshi ya fi. Kafet mai kauri ma'ajiyar ƙura ce, gidan da ke da mai asma gara a naɗe ta a ajiye har sanyi ya wuce. Haka tarkacen da ake jibgewa a saman kabad, da jeren kwanukan da ba a taɓa su sai ranar biki. Duk abin da ba a amfani da shi kullum a rufe shi ko a rage shi, domin kowane ɗaya wurin kwanciyar ƙura ne. Kafofin taga da ƙasan ƙofa ana toshe su da tsumma ko soso.

Barguna da rigunan sanyi ana fito da su daga akwati a wanke. Akwai abin lura a nan: iyalai da dama na ajiye tufafi da kafur don korar ƙwari, alhali sinadarin da ke cikin irin wannan kafur ɗin kan fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, har ya jawo musu shawara mai tsanani. Kayan jarirai bai kamata su kusanci kafur ba sam.

Toshe ɗaki yana da iyaka. Gawayin da ke ci a kasko, a ɗakin da aka rufe ruf, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, mai barci kuma ba ya jin komai balle ya farka. Ciwon kai, jiri da kasala su ne alamun farko. Don haka kasko ba ya kwana a ɗaki, janareta kuma wurinsa waje ne, nesa da taga, ba zaure ko lungun da ke da rufi ba. Cunkoson mutane a ɗakin da iska ba ta shiga yana kuma sauƙaƙa yaɗuwar mura da sanƙarau, cutar da kan ɓarke a yankin da rani.

Gobara ta fi yawa a lokacin hunturu saboda komai ya bushe, iska kuma na hura wuta. Ciyawar da ta tsiro a gefen katanga da damina sai a nome ta a kwashe. Kara, harawa da itacen girki a tara su nesa da murhu. Fetur ba ya zama a ɗakin kwana. Wayoyin lantarki ma a kira mai gyara ya duba su tun da wuri, musamman soket ɗin da za a jona hita. Hitar dafa ruwan wanka da aka manta a jone, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita babu kowa a kusa, ta jawo gobarar da ta cinye gidaje da shaguna masu yawa.

Da yake lokacin gyaran ya zo daidai da kaka, rumbu da sito na cikin lissafi. Ana kwashe ragowar tsohon hatsi, a share, a liƙe ramukan ɓera kafin sabo ya shiga, don kada ƙwarin bara su koma cikin na bana. Wake ya fi daɗewa a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana ƙwari samun iska ba tare da an zuba magani ba. Randa, tanki da bakin rijiya a nema musu murfin da ya zauna daidai. Masu farantan sola kuma su tanadi hanyar hawa rufi cikin aminci, domin ƙurar da ke kwanciya a kan farantan tana rage wutar da suke bayarwa, sai ana goge su a kai a kai har hazo ya yaye.