Tsoron Kaki Yana Cinye Mana Haƙƙi A Bakin Shinge

Wata ranar Laraba na shiga motar haya daga Birnin Kebbi zan je ta'aziyya Argungu. A kusa da ni akwai wani saurayi ɗan makaranta, ya rungume jakarsa a cinya. Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu a wani shinge. Mai kakin ya leƙo ta taga, ya bi fuskokinmu da kallo, idonsa ya tsaya a kan askin yaron. Ya ce, "Kai, sauko. Kawo wayarka. Buɗe ta." Yaron ya buɗe, hannunsa na rawa. Aka shiga hotunansa, aka karanta saƙonninsa na WhatsApp, aka leƙa asusunsa na banki aka ga kuɗin makaranta da mahaifinsa ya turo masa. Daga nan magana ta koma, "Ina ka samu wannan kuɗi?" Mun kusa rabin sa'a muna gasuwa a rana. Da ya dawo mota ban tambaye shi nawa ya bayar ba, fuskarsa ta riga ta faɗa mini. Wani dattijo da ke gidan gaba ya waiwayo ya ce masa, "Yi haƙuri ɗana, hukuma ce. Ka gode wa Allah da ba a wuce da kai ba."

Mu shida manya muna zaune, babu wanda ya ce uffan, har da ni. Shirun nan ya daɗe yana ci mini rai, domin abin da aka yi wa yaron haramun ne a dokar ƙasa, kuma maganar dattijon, duk da kyakkyawar niyyarsa, ita ce cutar da nake so in yi gargaɗi a kanta. Mun fara koya wa 'ya'yanmu cewa duk abin da mai kaki ya ce shi ne doka, kuma wannan karatu yana yaɗuwa daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa cikin gidajenmu.

Ba na cikin masu cewa a ɗauke shingaye. Wanda ya san abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, inda 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15, ba zai nemi a bar hanyoyin masarautar Argungu babu tsaro ba. Jiharmu ta Kebbi tana da iyaka da Nijar da Binin. Tun rufe iyakoki na watan Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, jami'ai iri-iri suka yawaita a kan hanyar Kamba da ta Kangiwa da sauran hanyoyin da ke fita waje. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne irinmu, suna kwana a daji, sauro na cizo, wasu ma sun bar marayu a kan wannan aiki. Suna da haƙƙi a kanmu na girmamawa da haɗin kai. To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rashin tsaro ya tsaga bangon, ɓatagari daga cikin masu kaki suka sami hanya, mu kuma jahilcinmu na doka ya faɗaɗa musu ita.

A watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta tun 1943, zamanin Turawa. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, don haka dokar tana aiki a Gwandu da Zauro da Gulma kamar yadda take aiki a Abuja. Ta ba ɗan sanda ikon tsayar da kai ya bincike ka idan yana da dalili mai ƙarfi na zargi, misali cewa kana ɗauke da makami ko kayan sata. Amma ta ɗaure ikon da sharuɗɗa. Sashe na 50 ya ce kafin ya taɓa ka ko motarka sai ya faɗa maka sunansa, da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin da ya sa yake zarginka. Dole kuma ya kasance cikin kaki, ko yana sanye da katin shaidarsa a inda ido zai gani. A bainar jama'a, tufafin da ke sama kawai za a laluba. Idan bincike zai wuce haka, sai an keɓe, kuma mace ce ke binciken mace. Sashe na 54 kuwa kamar don yaron motarmu aka rubuta shi: aski, ko shiga, ko shekaru, ko launin fata, ko hasashen cewa mutanen wata ƙabila sun fi aikata laifi, duk ba su isa dalilin zargi ba. Bafulatanin da aka sauke daga mota don ganin sandarsa da malfarsa, dokar nan tasa ce shi ma.

Batun waya ya fi kowanne yaɗuwa yanzu. Wayar mutum ɗakinsa ce: hoton matarsa yana ciki, sirrin kasuwancinsa yana ciki, maganarsa da likita tana ciki. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar da ta kai ga rushe sashen 'yan sanda na SARS, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, da kansa ya ja kunnen jami'ansa kan binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya, kuma rundunar ta sha maimaita wannan jan kunne daga baya. Idan ana zargin wayarka tana da hannu a laifi, akwai hanyar da doka ta shimfiɗa, a ofis, cikin bincike na sosai, da rubutu. Tsayar da ɗalibi a gefen titi a tilasta shi ya buɗe asusunsa, sannan a raka shi wurin mai POS, ƙwace ne, ko da wane irin kaya mai yin sa ya sa.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, kuma mun saba da shi har mun daina jin zafinsa. A zo neman saurayi ba a same shi ba, sai a tafi da tsohonsa, ko ƙanensa, ko matarsa da goyo a baya, a ce in ya kawo kansa a sake su. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum a madadin wani, haka ma sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015. Addininmu ma tun farko bai yarda a ɗora wa wani laifin wani ba. Me ya sa za mu tsaya a ƙofar gida muna ba da haƙuri ana tafiya da uwa saboda ɗanta?

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, domin wani ɓangare na wannan ɓarna mu ne muke kai ta caji ofis da ƙafarmu. Ka ba manomi bashin taki ko na fetur ɗin ban ruwa, ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadama, ya kasa biya, sai ka ɗauko masa 'yan sanda. An yi cinikin albasa an saɓa alkawari, sai caji ofis. Rigimar gona, rigimar sadaki, rigimar haya, duk caji ofis. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya ce ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wannan aikin kotu ne, ko na sulhu a gaban mai unguwa da dagaci. Duk ranar da ka biya kuɗin mai aka je aka ɗauko maka wanda kake bi bashi, ka sani ka wasa wuƙar da gobe wani mai kuɗi zai ɗora a wuyanka.

In har an kama ka, Tsarin Mulki bai bar ka hannu rabbana ba. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Ya ce a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da kake ji. Ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Laifuffukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu tsarin, amma rigimar kasuwa ko ta babur ba ta cikinsu. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa kotu ba ta yi nisan da za a ajiye mutum mako guda a bayan kanta ba. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kada ka dangwala yatsa ko ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Turanci ba a karanta maka an fassara ba. Mutane da yawa dangwale ɗaya ya kai su gidan yari, suna tsammanin takardar sallama ce. Duka, da rataya, da hana barci don a tilasta maka amsa laifi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadar wa mai yin su ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Beli kyauta ne. An rubuta haka a bangon ofisoshin 'yan sanda da yawa, amma sau nawa aka sayar da tunkiya ko buhun shinkafa don a karɓo yaro? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai, tsabar kuɗin hanci da 'yan Nijeriya suka ba ma'aikatan gwamnati ya kai kimanin naira biliyan 721. A cikin wannan tudu akwai ɗari biyun ɗan kabu-kabu da dubu ashirin ɗin uwar da ta je karɓo ɗanta. Ita ma uwar ta sani cewa dokar 2015 ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Dokar ta kuma kula da matan kulle: idan za a shiga gidan da matar da ba ta fita take, don neman wanda ake zargi, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa. Binciken gida kuwa, a mafi yawan hali, sai da takardar izini daga alƙali, kuma kana da ikon cewa a nuna maka ita.

Yanzu kuma gare ku, samari. Na ga wasunku sun tsinci rabin karatu a TikTok, suna zuwa shinge da ɗaga murya da nuna yatsa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mutumin da ke gabanka yana riƙe da bindiga, ya gaji, wataƙila yana tsoron kai ma. A watan Yunin 2005 'yan sanda sun kashe matasa shida a Apo ta Abuja, sai a 2017 kotu ta yanke hukunci, kuma hukuncin bai dawo da ko ɗayansu ba. In an ce tsaya, ka tsaya. In dare ne, kunna fitilar cikin mota, ka bar hannuwanka a fili. Kada ka gudu, kada ka yi kokawa, kada ka ja bindiga ko riga. Nuna takardun abin hawanka in an nema, kuma ka tabbata cikakku ne, domin mai takardun bogi shi ya fara ba da ƙofa. Sannan cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, don Allah mene ne laifina? Daga wane ofis kuke?" In ya nemi waya, ka ce, "Ranka ya daɗe, ban yarda a buɗe mini waya a nan ba, in akwai zargi mu je ofis." In ya matsa da ƙarfi, kada ka yi gardamar da za ta ja maka rauni. Riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motarsu, da wurin, da lokacin, ka kira wani naka ya san inda kake.

Bayan ka tsira ne ake yin faɗan, kuma da takarda ake yin sa. Fara da DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankin, in bai saurare ka ba ka wuce ofishin kwamishinan 'yan sanda a Birnin Kebbi. Rundunar tana da sashen karɓar koke-koke da ta kafa tun 2015. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a wadda ke ba marasa hali lauya kyauta, akwai ƙungiyar lauyoyi, akwai kuma babbar kotu da za ka iya kai ƙarar tauye haƙƙi kai tsaye. Na san abin da za a ce: an sha kai kuka ba a ga komai ba. Gaskiya ne wani kukan yana ɓacewa a cikin fayil. Amma jami'in da ya san fasinjoji suna rubuta suna ba ya yin abin da wanda ya san za a ce "hukuma ce" yake yi.

Abin da ya fi tsorata ni ya wuce kuɗin da ake karɓa. Yaron da aka wulakanta a shinge ba zai je ya faɗa wa ɗan sanda ya ga baƙin fuskoki da babura a bayan gari ba, zai ce in ya je shi za a fara riƙewa. Haka labari ke yankewa tsakanin jama'a da masu tsaronsu, a daidai lokacin da ƙauyukan Augie da Arewa suka fi buƙatarsa. Mutanen da suka saba tsayawa su miƙa kuɗi ga duk mai kaki ba tare da tambayar suna ko ofis ba, su ne masu satar mutane ke samu da sauƙi idan suka sa kayan sarki na bogi suka tare hanya. Kuma al'ummar da ta saba biyan duk wanda ya riƙe bindiga, ranar da wani ya fito daga daji ya ce a kawo masa zakkar shanu, zai tarar an riga an hore masa ita.

Shugabannin direbobi a tashoshin Birnin Kebbi da Argungu suna tara mambobinsu kan kuɗin ƙungiya, to su gayyato lauya da DPO su zauna tare a gaban direbobi da 'yan kabu-kabu a karanta waɗannan sassa da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci. Limamai su ba abin huɗuba guda. Kwalejin ilimi ta Adamu Augie da Kwalejin Waziri Umaru su sa shi cikin bitar sababbin ɗalibai. Ni kuma na rubuta sassan nan na Dokar 'Yan Sanda, 32 da 36 da 50 da 54, a wata 'yar takarda na sa a aljihun gaban rigata, kuma ranar da aka sake sauke ɗan wani a gabana zan fito daga motar in tsaya kusa da shi, in yi sallama, in tambayi ofisa sunansa.