Idan Guice ya kasa samar da abin da manhaja ta nema

Manhajar biyan kuɗi da aka rubuta da Java tana buƙatar hanyar shiga ma'ajiyar bayanai. A tsarin da ake kira dependency injection, ba ita ce za ta buɗe hanyar da kanta ba. Za ta faɗi abin da take so, wani sashe ya haɗa ya miƙa mata. Guice, wanda Google ya fitar a 2007, yana cikin sanannun masu wannan aiki.

To, idan sabar ma'ajiyar ta faɗi fa? A Guice, mai samar da kayan shi ne Provider, kuma umarninsa na get() ba ya shelanta irin kuskuren da zai iya jefowa. Duk tangarɗar da ta auku a ciki, Guice yakan naɗe ta cikin ProvisionException. Ainihin dalilin yana can ciki, sai an tono shi da getCause(). Ko da null kawai Provider ya dawo da shi, wannan kuskuren ne zai fito, in ba a sa alamar @Nullable ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne lokacin da matsalar ke bayyana. A Stage.DEVELOPMENT, ba a gina abubuwan @Singleton sai ranar da aka nemi su, don haka manhaja na iya tashi lafiya lau, ta faɗi a hannun kwastoma yana tsakiyar tura kuɗi. A Stage.PRODUCTION kuwa tun farkon tashi ake gina su, kuskuren ya fito a CreationException kafin kowa ya taɓa manhajar. Wannan ya fi.

Ga tangarɗar da ake sa ran aukuwarta, kamar katsewar intanet, akwai ƙarin ThrowingProviders. Da CheckedProvider, mai rubuta manhaja zai bayyana kuskuren a fili, mai kira kuma dole ya tanadi abin yi. Sai dai akwai tarko: idan aka ɗaure shi da @Singleton, Guice yana ajiye kuskuren kamar yadda yake ajiye sakamako mai kyau. Katsewar daƙiƙa biyu sai ta zama ta dindindin, har sai an sake kunna manhajar.

Shi ya sa ya fi aminci a bar Provider ya miƙa abin da zai buɗe hanyar daga baya, ba buɗaɗɗiyar hanyar ba. Sake gwadawa, da tsawon jira, da saƙon da kwastoma zai gani, duk sai su koma wurin da ake yin aikin.