Rikicin Mallakar Suna a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Idan aka ce buɗaɗɗiyar manhaja, ana nufin manhajar kwamfuta wadda masu ita suka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, suka kuma yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Sai dai wannan izini bai haɗa da sunan manhajar da tambarinta ba. Waɗannan wata doka ce daban take kare su, wato dokar alamar kasuwanci, irin wadda aka kafa a Nijeriya a 1965.

Ɗalibi zai fi gane bambancin idan ya dubi masunta na fadamar Baturiya a ƙasar Haɗeja. Dabarar bandar kifi ba ta mutum ɗaya ba ce, kowa na iya koyo. Amma wanda ya cika kwali da nasa kifin, ya rubuta sunan wani da ya yi fice a kasuwa, ya ci haƙƙinsa, ya kuma yaudari mai saye.

Linus Torvalds ne ya fara manhajar Linux a 1991. A 1994 wani mutum mai suna William Della Croce, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya nemi rajistar sunan a Amurka, daga baya ya riƙa neman kuɗi daga masu amfani da shi. An sasanta a 1997, sunan ya koma hannun Torvalds. Wannan mai sauƙi ne, domin an san mai gaskiya.

Na OpenOffice ya fi sarƙaƙiya. Kamfanin Oracle ya saye Sun Microsystems a 2010, don haka sunan ya zama nasa bisa doka. To amma ’yan sa-kai daga ƙasashe da dama sun daɗe suna gyara manhajar, suna fassara ta zuwa harsunansu ba tare da albashi ba. Da suka nemi a bar musu sunan, Oracle bai amince ba. Sai suka kwashi rubutun, tun da lasisi ya ba su dama, suka ci gaba da aiki da sabon suna, LibreOffice. A ganinmu sun yi hasara babba a farko, domin jama’a suna suka sani, ba rubutu ba. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, amma a lokacin yawancin ’yan sa-kan sun riga sun koma LibreOffice.