Haɗa Kwamfutar Gem a Gida: Wane Kaya Ya Kamata a Fara Zaɓa?

Duk wanda ya saba buga PUBG ko Call of Duty a waya ya san yadda take ɗaukar zafi ta fara sarƙewa. Shi ya sa matasa da dama ke sha'awar haɗa kwamfutar gem da kansu. Sai dai kayan suna da tsada, kuma galibi idan aka buɗe kwali ba a mayarwa. Kuskure ɗaya ya isa ya bar mutum da kayan da ba sa aiki tare.

Abu na farko shi ne katin hoto, wato GPU, domin shi ke zana duk abin da ake gani a sikirin, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin. Ga mai sikirin 1080p, kati irin Radeon RX 6600 mai 8GB ko GeForce RTX 3060 mai 12GB ya isa ya ɗauki GTA V da EA Sports FC ba tare da wahala ba. Sayen katin da ya fi ƙarfin sikirin ɓarnar kuɗi ce.

Daga nan sai firosesa, wato CPU. Gem ba ya buƙatar mafi tsada. Mai ƙwaƙwalwa shida kamar Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F zai tafi daidai da waɗancan katunan. Amma a lura: dukansu biyun ba su da sashen hoto a cikinsu, don haka idan babu katin hoto, sikirin ba zai nuna komai ba. A wajen Intel, harafin F a ƙarshen suna shi ke nuna hakan.

Inda aka fi yin asara shi ne madabod, babban allon da komai ke hawa kansa. Kowace firosesa tana da soket ɗinta. Ryzen 5 5600 tana shiga AM4, wanda ke aiki da RAM nau'in DDR4 kaɗai. AM5 da AMD ta fitar a 2022 kuwa DDR5 kawai yake karɓa. Ita Core i5-12400F tana hawa LGA1700, kuma allunansa wasu na DDR4 ne, wasu na DDR5. RAM ɗin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Haka nan tsohon allo irin B450 yana iya buƙatar a sabunta masa BIOS kafin ya gane Ryzen 5000. Shafin PCPartPicker yana nuna irin wannan saɓani kyauta kafin a biya kuɗi.

Game da RAM, 16GB ya wadatar da yawancin wasanni. Gara a sayi guda biyu masu 8GB da a sayi ɗaya mai 16GB, saboda biyun suna aiki ta hanyoyi biyu lokaci guda. Ma'adana kuma a nemi SSD nau'in NVMe mai 1TB, tunda akwai gem ɗin da shi kaɗai ke cinye sama da 100GB.

Sai na'urar raba wuta, PSU, wadda mutane suka fi tsuke hannu a kanta. Idan marar inganci ta ƙone, tana iya tafiya da katin hoto da madabod. Nvidia ta ba da shawarar wat 550 ga RTX 3060. A nemi ta sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, ko da Bronze ce. A wuraren da wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ko ake dogaro da janareta, a sa UPS cikin lissafi tun farko.

Akwatin ma a auna shi, don wasu katunan dogaye ne, kuma a zaɓi mai fanka da ragar tare ƙura saboda zafi da hunturu. Mai sayen katin tokunbo kada ya biya sai an kunna masa gem a gabansa na ɗan lokaci, ya ga fankokin suna juyawa kuma hoton bai ɓaci ba.