Ƙurajen Fuska a Zongon Tafo

A Zongon Tafo, cikin Kumasi, ba a cika ɗaukar ƙurajen fuska a matsayin ciwo ba. In sun feso wa saurayi, abokai su ce ya isa aure. In budurwa ce, gwaggo ta ce, "'Yar nan, rage cin gyaɗa da maiƙo." Sai a yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Magani kuwa daga gida ake farawa. Na farko sabulun salo, wanda Asantawa ke kira alata samina, da ake dafawa da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man alayyadi. Ana gutsuro shi, a murza a tafin hannu har ya yi kumfa, a shafa, a ɗan jira kafin a ɗauraye. Yana yanke maiƙo sosai, sai dai kaifinsa kan sa fata ɗaurewa, shi ya sa ake bin sa da man kaɗanya da ake kawowa daga su Tamale. Akwai masu dafa ganyen darbejiya, akwai masu kwaɓa kurkum da zuma. Lemun tsami ma ana gogawa, ko da yake raɗaɗinsa ya fi amfaninsa.

Amma abin da ke hana budurwa barci tabo ne. Ƙurji toshewar ƙofar gashi ce da maiƙo da matacciyar fata, yakan kwanta da kansa. Matsa shi da farce ke barin baƙin da zai yi watanni. Sai ka ga yarinya mai surutu ta yi shiru, tana jan mayafi har kumatu, ta yi anko amma ta ƙi shiga hoton biki. Masu tsokanar ba sa ganin wannan.

Daga nan ƙawa kan kai ta kasuwar Kejetia ko ta Tafo wurin masu haɗa mai. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta sanar da haramta mayukan shafawa masu hydroquinone, amma haɗin bai ɓace ba, kuma wasu na ɗauke da sinadarin steroid. Makonnin farko fuska ta yi fes. Bayan nan fata ta yi siriri, sabbin ƙuraje su fito a jere. Galibi sai an kai nan ake tunawa da asibitin gwamnati na Tafo, ko likitocin fata na asibitin Komfo Anokye.