Galahanga: Shekarun da Ake Asararsu a "Bari Ya Girma"

A yawancin gidajenmu uwa ce ke fara lura. Yaro ya doshi shekara biyu, a ido lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha, yana zagaye tsakar gida a guje. Amma a kira sunansa har a gaji ba zai waiwayo ba, alhali da an motsa ledar biskit a ɗaki sai ga shi. In ƙishirwa ta kama shi ba zai ce "ruwa" ba, ba zai nuna randa da yatsa ba. Hannun uwar zai kama ya ja ta har bakin randar, ya ɗora shi a kan murfi, ko fuskarta bai kalla ba. Sa'o'insa na can suna tuƙa motar gwangwani, shi yana lungu ya jera marafan kwalba a layi, wanda duk ya gusar da ɗaya ya jawo wa gidan kukan da ba a san ranar ƙarewarsa ba.

Idan ta yi ƙarfin hali ta furta damuwarta, amsoshin a shirye suke. "Ai namiji ne, maza ba su da saurin baki." "Baffansa ma sai da ya shekara huɗu." "Miskilanci ne, gado ya yi." In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kira wanzami ya yanke linzami. Daga nan sai rubutu da hayaƙi, sai zargin iska, sai a fara kallon kishiya ko maƙwabciya. Kafin wani ya ambaci asibiti yaron ya shekara shida ko bakwai, an mayar da shi gida daga makaranta, uwar kuma ta gaji da zuwa biki don gudun idon mutane. Waɗannan shekarun da aka ɓatar su ne mafi tsada a rayuwarsa, domin a cikinsu ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin karɓar horo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun yaro yana ciki. Tana bayyana ta fuska biyu: wahalar mu'amala da sadarwa da mutane, da kuma nacewa a kan abu ɗaya, kamar kaɗa hannuwa, juyi a wuri guda, maimaita kalma, ko ƙin duk wani canji a tsarin yini. Da yawansu ƙara tana gigita su. Injin markaɗe ko janareta kan sa yaro ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wani ba ya cin komai sai abinci kala biyu. Likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa Leo Kanner ya bayyana ta dalla-dalla a 1943 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, bayan ya bibiyi yara 11. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya rubuta game da wasu yaran a Biyana ta ƙasar Ostiriya, masu magana sarai amma zama da mutane na ba su wuya. Tun 2013 littafin da likitocin Amurka ke dogaro da shi ya haɗe su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, aka raba su mataki uku gwargwadon taimakon da mutum yake buƙata. Shi ya sa za ka ga wani yana jami'a, wani kuma ya kai shekara ashirin bai taɓa furta kalma ba, kuma duk sunan lalurar ɗaya.

Masu cewa ciwon Turawa ne sun makara. Tun 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya zagaya wasu ƙasashen Afirka ya samu yara masu irin alamun nan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita. A Amurka, inda ake tantancewa da gaske, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun nuna ɗaya cikin 31 a tsakanin 'yan shekara takwas, kuma maza sun ninka mata fiye da sau uku. Mu a nan ƙarancin masu ganewa ne ya sa muke ganin kamar abin bai yi yawa ba.

Akwai wani abu a al'adarmu da ke ƙara ɓoye lamarin. Kusan ɗaya cikin uku ko huɗu na waɗannan yara sukan fara magana kamar kowa, su ce "Mama", su ce "Baba", su yi bai-bai da hannu, sannan tsakanin wata 15 zuwa 24 sai kalmomin su ɓace ɗaya bayan ɗaya. To, wannan shi ne daidai lokacin yaye a wurinmu, lokacin da ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka. Sai a ce fushin yaye ne, ko a ce ya sha ciki, laifi ya koma kan uwa. Ga kuma kunyar ɗan fari: matar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, da wane bakin za ta tsaya ta ce "yaron nan ba daidai yake ba"? Kunya ba ta jawo galahanga. Abin da take jawowa shi ne jinkirin magana a kanta.

Ɗora wa uwa laifi ba mu muka fara ba. A shekarun 1950 da 1960 manyan masana a Amurka, musamman Bruno Bettelheim, sun yi ta yaɗa cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke sa yaro ya janye jikinsa daga duniya. Mata da yawa sun mutu da wannan baƙin ciki. Binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a kan tagwaye a Ingila a 1977 ya taimaka wajen rushe wannan zance, ya nuna ƙwayoyin gado ne ke da babban kaso, kuma gado ta ɓangaren uba da uwa yake zuwa. Haihuwar bakwaini da manyantar iyaye, har da uba, suna ƙara yiwuwar samunta. Namijin da ke barazanar saki saboda "ta haifa masa musaki" ya san da wannan.

Allurar riga-kafi ma ta sha zargi, kuma mu da muka ga abin da ya biyo bayan ƙaurace wa riga-kafin shan inna a Kano a 2003 bai kamata mu yi wasa da irin wannan jita-jita ba. Tushenta wani rahoto ne da likita Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal. An gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an bibiyi yara sama da 650,000 a Denmak, ba a samu wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba.

Yaushe ya kamata a tashi tsaye? Idan yaro ya shekara bai amsa sunansa ba, ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuma a kowane lokaci ya rasa abin da ya riga ya iya. Matakin farko gwajin ji ne, domin yaron da sanƙarau ko ƙyanda ko shawara ta taɓa wa kunne shi ma ba zai amsa kira ba. Ana yin gwajin a sashen kunne na asibitocin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Daga nan sai likitan yara, shi zai tura wa masanin ƙwaƙwalwar yara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Haka nan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri. A nan ne iyaye maza da yawa ke ja da baya: "Ni ɗana ba mahaukaci ba ne." Gaskiya ne, ba mahaukaci ba ne, amma masu sanin lalurarsa a can suke zaune, kuma ba su da yawa, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba.

Kada a sa ran gwajin jini ko hoton kai zai nuna ta. Likita tambayoyi zai yi, ya zuba wa yaron ido yana wasa. Saboda haka a je da katin riga-kafi, a tuna watan da ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara tafiya. Abin da ya fi komai amfani shi ne bidiyon waya: a ɗauke shi lokacin da ake kiransa, lokacin cin abinci, lokacin da yake cikin yara, domin a ɗakin likita ƙila kuka kawai zai yi. Uban ma ya je, don ya ji da kunnensa, kada a bar uwa da aikin fassara wa dangi abin da ba sa son ji. A kuma faɗa wa likita in yaron yana suma ko ƙamewa, saboda farfaɗiya ta fi yawa a cikin waɗannan yara, ita kuwa tana da magani.

Galahanga kanta ba ta da ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Magunguna irin su risperidone na rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, kuma sai da umarnin likita. Duk mai tallar jiƙo a Facebook ko TikTok da ya yi alƙawarin yaro zai yi magana cikin mako biyu, kuɗinku yake so. Addu'a kuwa ba ta taɓa cin karo da neman magani ba. A yi ta, a kuma je asibiti a ranar. Abin da ba shi da hujja a addini ko a likitanci shi ne duka, da turnuƙe yaro da hayaƙi, da ɗaure shi da mari, irin wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta bankaɗo a wuraren tsare masu larurar ƙwaƙwalwa a Najeriya a rahotonta na 2019.

Abin da ke aiki horo ne, kuma mafi yawansa a gida ake yi. Masu koyar da magana sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka. Saboda irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin koyar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, wanda aka gwada a Habasha da Kenya. Dabarun ba na kuɗi ba ne. A durƙusa daidai tsayin yaron. A shiga wasan da shi ya zaɓa, ko da jera marafan ne. A riƙe kofin ruwa kusa da fuska, a ce "ruwa", a ɗan jira. In ya kalle ka ko ya yi wani sauti, a ba shi nan take tare da yabo. A rage masa waya da talabijin. A tsayar da lokacin wanka da ci da barci, a sanar da shi kafin a canza. Wanda magana ta ƙi, a koya masa nuna hoto. Malamin Islamiyya ma a zauna da shi, a ce masa bulala ba za ta buɗe bakin wannan ɗalibin ba.

Wasu za su yi nisa. Temple Grandin ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, ga ta farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado. A 2025 wani matashi ɗan Najeriya mai shekara 15, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ya shiga kundin Guinness da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000. Wasu kuwa za su buƙaci mai kula da su har ƙarshen rayuwa, kuma nasarar gidansu ita ce ranar da yaron ya iya shiga banɗaki da kansa. Ba daidai ba ne a yi wa iyaye alƙawarin gwani.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko cibiya. Sai dai doka ba ta amfanar yaron da ba a ma gano lalurarsa ba. Akwai takardar tantancewa mai tambayoyi 20, M-CHAT-R, da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, ba ta cin minti goma. Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohin Arewa su mayar da ita Hausa, su koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, su kuma ware rana ɗaya a mako a manyan asibitoci don ganin yaran da aka turo.